Likitan Batirin Suruki

Wani ne yake gadin ƙofa a kamfanin haɗa magunguna. Saboda ƙamshin magani ba ya barin rigarsa, dangin matarsa suka laƙaba masa Likita, shi kuwa bai taɓa musantawa ba.

Wata rana ya leƙa ɗakin gwaji, ya tarar da mai haɗa magani yana auna wani farin gari. Ya ce, “Yallaɓai, gishiri ne?”

“Turometamin ke nan. Muna sa shi a allura da maganin ɗigawa a ido, don kada asid ya rinjaya. A asibiti ma, wanda asid ya yi wa yawa a jini, ta ƙarin ruwa ake ba shi, ya kashe kaifinsa.”

Gogan ya jinjina kai. Da aka tashi aiki, ya faki ido ya cika aljihu da garin.

Ran hutu ya je gaida surukinsa, ya iske bakanike a kan motar tsohon, wadda da ita yake ciyar da gida. Ana murza makulli sai ta yi gurnani ta yi shiru. Bakanike ya ce, “Batir ne ya yi sanyi. Kada kowa ya taɓa, akwai asid a ciki. Bari in ɗauko na'urar caji.”

Yana juya baya gogan ya ce, “Asid? Baba, abin da ke kwantar da ƙato a asibiti, ina ga ƙarfe! Shi bakaniken nan, ciwon yake kallo bai gane shi ba.”

Tsoho ya ce, “To Likita, ka dai bi a hankali.”

Gogan ya sa aka kawo gora da siririn tiyo. Ya dama garin, ya rataye gorar a reshen bishiya, ya kwance murafun batir, ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya yana ɗura musu ruwan ta tiyon. Ya kuma hana yara surutu, wai majinyaci na son hutu. Batir ya yi zafi, ya yi kumfa, ya lafa.

Bakanike ya dawo ya jona caji. Aka murza makulli, ko gurnanin babu. Aka danna hon, tsit. Ya leƙa batir ya dafe kai. “Wane la'ananne ya kashe ruwan? Ai asid ɗin shi ne ransa!”

Tsoho ya juyo ya ce, “Likita, me ka yi wa motata?”

Gogan ya wanke hannu a tsanake, ya sunkuyar da kai, ya ce, “Baba, sai haƙuri. Mun yi iya ƙoƙarinmu, ku ne ba ku kawo ta da wuri ba.”