Kwana Uku Ina Sauraron Ɗakin da Ban Shiga Ba

Ba zan taɓa mantawa da makon nan ba, ko da na so in manta. Lokacin ba a daɗe da fara shari'ar Musulunci ba, na dawo daga Kano da takardar kwas na wata shida, na samu aiki a wata makarantar koyon kwamfuta a Takur. Alhaji mai makarantar, Injiniya yake ce min, ni kuma ban taɓa gyara masa ba.

Da ya raba ɗalibai, maza ɗakinsu, mata ɗakinsu, sai na ce ai kwamfutocin ma sai an raba. Duk wayoyinsu a akwati ɗaya suke haɗuwa, suwic muke ce masa. Na shiga saitinsa na yi katangar da ido ba ya gani, yadda zancen wani ɓangare ba zai tsallaka ɗayan ba. (Ba wanda ya sa ni. Burga ce kawai.)

Washegari kwamfutocin mata suka daina shiga intanet. Yadda abin yake, in an kunna kwamfuta sai ta yi kira tana neman adireshi, babbar kwamfutar makaranta ta ba ta, sannan ta iya magana da kowa. To na mata ba sa samu. Na zauna a kujerata a ɗakin maza, na buɗe manhajar da ke kama duk saƙon da ya bi ta waya, ina jiran kiransu. Na maza sai zuba yake, na mata ko ɗaya babu. Kwana uku ina zare wa allo ido. Ɗakin nasu kuwa ban taka ba, wai ni mai kunya, saurayi ba ya kutsawa cikin matan aure.

Sai na yanke hukunci: tunda ban ji kira ba, ba su kira ba, wani ne ya ɓata musu saiti. Haka na faɗa wa Alhaji. Wanin nan kuwa kowa ya san Malama Hajara ake nufi, mai koyar da matan, 'yar Aujara, wadda da aikin nan take riƙe marayunta huɗu. Alhaji ya ce in Asabar ta yi ba a gyara ba, zai nemi wata.

Ranar Alhamis Malama Hajara ta same ni da Alhaji a baranda, ɗalibanta na leƙe ta taga.

"Injiniya, kai ka ce ka yi mana katanga?"

"Ni ne, Malama."

"Maganarmu ba ta isa wajenku?"

"Ko kaɗan," na ce, har da gyara zaman hula.

"To daga ina kake saurarenmu kwana ukun nan? Ita kuma mai rabon adireshin, a wane ɓangare ka bar ta?"

Alhaji ya juyo ya dube ni.

Na rungumo kwamfutata niƙi-niƙi, na yi sallama a ɗakin matan, suka gyara mayafi, na jona a wayarsu. Nan take allo ya cika da kira. Bayin Allah kwamfutocin nan tun ranar farko suke roƙon adireshi, ni na toshe musu hanya. Cikin minti goma na buɗe ƙofar da kiran zai bi ya kai, amsa ta dawo. Wata daga bayan ɗakin ta ce, "Dama shigowar ce ta gagara?" Ɗaki ya ɗau dariya.

Dariyar ba ta dame ni kamar abin da ya biyo baya ba. Na durƙusa na ba Malama haƙuri a gaban Alhaji.

"Ba komai, ɗan nan," ta ce. "Amma ka sani, tun ranar Litinin abinci bai wuce min ba."

Tun daga nan, kafin in rantse cewa wani bai yi magana ba, sai na fara duba inda na ajiye kujerata.