Rediyo Cikin Rumbu

Ni ke karanta wa mutanen Dodoru wasiƙa, don haka ba mai koya mini takardar gwamnati. Wata takarda ta faɗo daga jakar Hadiza, ɗiyar ƙanena da ke jami'a a Kalgo: hoton ƙaton ido, ƙarƙashinsa an rubuta, "Daga Juma'a an haramta rediyo da dariya."

Dariyar ta ɗaure mini kai, amma na sanar a majalisa. Mu bakwai muka tusa rediyonmu cikin rumbu.

Hadiza ta dawo neman shafinta. "Baffa, labarin zane nake yi kan ƙasar kama-karya! Ba ka ga hotunan ba?"

Na gan su. Na ɗauka sabon yayin gwamnati ne.

Har yau in na doso majalisa, sai a ce, "Ku gimtse, ga hukuma nan!"