Daraktan da Ya Ga Nano da Idonsa

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa baiwar ido, dole a fara da Darakta. Shekara talatin da huɗu ya yi a sashen duba ingancin kaya, kuma bai taɓa sa hannu a kan abin da bai gani ba. Ya leƙa buhu, ya leƙa tanki. Akwai ranar da ya sa aka buɗe gwangwanin madara ɗari biyu don ya tabbatar madara ce a cikin kowanne. Madara ce. Ƙananan ma'aikata suna kiransa Sai-Na-Gani a bayan idonsa, shi kuma ya sani, yana ma jin daɗi.

Saura wata uku ya yi ritaya gwamnati ta kafa kwamitin wucin gadi na sa ido a kan fasahar nano, aka ba shi shugabanci. Aka kuma raɗa masa cewa idan ya burge Minista, shi za a naɗa shugaban sabuwar hukumar da za ta maye gurbin kwamitin: shekara biyar, da mota, da direba. In bai burge ba, sai gida, inda uwargida ta riga ta fara lissafa masa famfunan da ke yoyo. Darakta yana tsoron ritaya fiye da yadda yake tsoron ciwo. Mutumin da ya saba a miƙe masa ba ya son zama inda sai ya ce a ba shi hanya.

A zaman farko aka gayyato wata Dakta daga jami'a, wadda ta shekara huɗu tana haɗa matatar ruwa da ƙwayoyin nano, tana jiran izinin gwada ta a unguwannin da ruwansu ke sa yara gudawa. Ta yi bayani a tsanake. Ta ce a ɗauki silin gashi ɗaya, a tsaga kaurinsa gida dubu tamanin, to kashi ɗaya shi ne ma'aunin da suke aiki da shi. Ta ce ido ba ya ganinsa.

Darakta ya cire tabarau, ya ajiye a kan fayil.

"Idon wa?"

"Idon kowa, ranka ya daɗe."

"Dakta, ke yarinya ce a harkar gwamnati. Ba a tsara doka a kan jita-jita. Ni nan da kike gani na kama jabun siminti da ido, na kama jabun man gyaɗa da ido. Abin da za a sa wa al'umma a ruwan sha, a ce shugaban kwamiti bai gan shi ba? Sakatare, rubuta. Kwamiti zai kai ziyarar gani da ido."

Sakatare ya rubuta.

Ɗakin binciken irin wanda ba a yarda ko ƙura ta shiga ba ne. A bakin ƙofa aka miƙa wa kowa farar riga mai haɗe da wando, da safar hannu, da takunkumi, da wata hula mai roba kamar ta masu dafa abinci a makaranta. Darakta ya karɓi rigar da ƙyar. Da aka zo kan hula sai ya sha mur. A safiyar nan ya yi rini, ya taje gashinsa ya kwanta luf, kuma ya zo da mai ɗaukar hoto.

"Ranka ya daɗe, ƙa'idar ɗakin ce," in ji Dakta.

"Ni ne ƙa'ida a nan. Ko kina so gobe jarida ta buga hotona kamar mai sayar da burodi?"

Ya shiga da kansa a buɗe. Dakta ta ɗauko ɗan farantin da samfurin ke kai, wanda bai fi farce girma ba. Darakta ya ce a miƙo. Ya sunkuya a kansa har hancinsa ya kusa taɓawa, ya karkata dama, ya karkata hagu, ya sosa ƙeya don nazari ya zauna. Bai ga komai ba, ya kuma faɗi haka da muryar mai kama ɓarawo. Dakta ta sa farantin a na'urar da ke ƙara girman abu. Aka jira.

Allon na'urar ya kawo wani abu mai ban tsoro. Fari ne, ƙato, bakinsa zago-zago, ya yi hawa-hawa kamar dutsen da ya tsattsage, ya cika allon gaba ɗaya.

"Allahu Akbar," in ji Darakta. "Ga shi nan."

"Ranka ya daɗe, wannan ba..."

"Kin ce ido ba ya gani. To ga ido ya gani."

"Abin da nake so in ce..."

"Dakta, idan kina da ƙorafi, ki rubuto."

Ta rubuto. Takardar ta iso washegari, shafi ɗaya, gajeriya. Darakta bai karanta takarda mai shafi ɗaya ba tun da ya zama Darakta, don a ganinsa abin da ke da muhimmanci ba ya ƙarewa a shafi ɗaya. Ya rubuta "A ajiye" a kusurwa da jan biro. Ta sake rubutowa. Aka ajiye ta kusa da 'yar'uwarta.

Daga nan aikin wayar da kan jama'a ya kankama, kuma a gaskiya ba a taɓa yin irinsa ba. Aka buga hoton a manyan alluna, a jikin motocin haya, a bangon asibiti. A sama an rubuta: WANNAN SHI NE NANO. A ƙasa ga Darakta ya harɗe hannu, gashi ya kwanta luf. Ya shiga rediyo sau tara.

"Jama'a, ku dubi bakinsa," yake cewa, ya manta rediyo ce. "Ku dubi kaifi. Wannan abu idan ya shiga hanjin ɗan Adam, me kuke tsammani? Ni na yi ido huɗu da shi. Ban ja da baya ba."

Jama'a kuwa suka waye. Mata suka fara tace ruwa sau uku da ɗankwali. Wani direba ya rantse ya ga nano a cikin tankin mai, ya kai girman ɗan yatsa. Uwargidan Darakta da kanta ta zubar da man shafawarta saboda an rubuta kalmar a jikin kwalbar, ta ce maigida ya saya mata wani. Izinin Dakta dai aka dakatar har sai an ga hali, yaran unguwannin can kuma suka ci gaba da shan ruwan da suka saba.

Darakta ya zauna ya tsara daftarin doka mai shafi casa'in. Sashe na bakwai shi ne abin alfaharinsa, don da hannunsa ya rubuta: duk inda aka gano tushen wannan abu, a killace wurin nan take, a manna masa jan tambari, kada kowa ya kusance shi sai da takunkumi.

Ranar gabatar da daftarin zauren ma'aikata ya cika. Hoton ya rufe bangon baya tun daga sama har ƙasa. Minista ya zauna a tsakiya, tsohon malamin makaranta ne mai yawan tambaya, wanda hakan a wurin Darakta aibi ne a shugaba. Darakta ya yi jawabin minti hamsin. Ya karanta sashe na bakwai sau biyu, aka tafa sau biyu. Zuciyarsa fes, har ya fara tunanin kalar labulen sabon ofis.

Sai Minista ya ce, "Ina mai binciken? Ta zo ta nuna mana yadda wannan ƙaton abu yake tace ruwa."

An ajiye Dakta a layi na goma sha ɗaya, bayan 'yan jarida. Ta taso, ta karɓi makirufo, ta tsaya a ƙarƙashin hoton.

"Ranka ya daɗe, wannan ba ya tace ruwa. Ƙwayoyin da nake aiki da su suna ƙarƙashinsa, ya danne su. Ya fi su girma sau dubbai."

"To mene ne shi?"

"Amosanin kai ne, ranka ya daɗe. Ɓarɓashi ɗaya."

Wani ɗan jarida ya yi tari wanda ba tari ba ne.

"Na wa?" in ji Minista.

"Ban sani ba, ranka ya daɗe. Abin da na sani, a shekara huɗu mutum ɗaya ne ya taɓa shiga ɗakin ba hula. Na rubuto sau biyu."

Ba wanda ya ambaci suna. Mutum ɗari uku ne kawai suka juya a tare suka dubi kafaɗar baƙar kwat ɗin Darakta, inda fitilun masu ɗaukar hoto suke haskawa sosai. Hannunsa ya tashi zai kaɗe, ya fasa a hanya, ya gyara taye. Gumi ya gangaro daga goshinsa, ruwan toka-toka saboda rini.

Minista ya buɗe daftarin, ya lashi yatsa, ya juya shafi a hankali.

"Darakta, wannan sashe na bakwai," ya ce. "Daga yau ya fara aiki, ko sai na sa hannu?"

Takardar ritaya ta iso kafin ƙarshen mako, shafi ɗaya. Dakta ta samu izininta bayan wata biyar, amma da aka kai matatar unguwa, mutane suka ce su ba za su sha ruwan dutsen nan mai kaifi ba. Har yanzu tana bi gida-gida tana bayani.

Kada dai a ce Darakta bai bar wa al'umma komai ba. Ranar da ya je aski na farko bayan ritaya, sabon wanzamin shagon bai san shi ba. Ya yafa masa ƙyalle, ya sa mataji, ya duba fatar kan, ya ga amosani, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Baba, sai ka nemi magani," ya ce. "Darakta ya kama ka sosai."