Ya Rasu Ranar da Aka Fara Taka Shi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugu mai cike da man zafi, Tsohon Direba da iyalansa suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar injin tafiyarsu na motsa jiki, wanda aka fi sani a gidan da Matafiyi. Ya rasu da hantsin Asabar ɗin da ta wuce, a kusurwar falo, tsakanin taga da kabad ɗin kwanuka, inda ya yi rayuwarsa gaba ɗaya. Tafiyar da ya yi, da a kan titi ne da tuni ya tsallaka ƙasashe, amma ko ƙofar falo bai taɓa kaiwa ba.

Marigayin ya shigo gidan ne shekara biyu da suka wuce, lokacin da hankalin kowa yake a tashe. Tsohon Direba ya yanke jiki ya faɗi a bakin gareji yana wanke mota, aka kwashe shi sai asibiti. Likita bai ɓoye komai ba. Ya ce zuciyar ta gaji, jini ya hau, kuma ko dai mutumin nan ya riƙa tafiyar ƙafa kullum, ko kuwa faɗuwa ta biyu ba lallai ne ya tashi ba. Autarsa, wadda ma'aikaciyar jinya ce, tana tsaye aka faɗi haka. Ta fita waje ta yi kukanta ta share hawaye. Bayan mako guda sai ga ƙarti sun shigo falo da Matafiyi suna nishi.

Ya kamata masu ta'aziyya su san ko wane ne mai rashin. Mutum ne da ya tsufa a bayan sitiyari, kuma a fahimtarsa an yi ƙafa ne domin kuloci da birki da totur. Ko shagon bakin layi da mota yake zuwa. Ranar da ya fara ganin marigayin, ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa nan, ya leƙa can, sannan ya tambayi ina kujerar direba. Aka ce babu. Ya tambayi ina yake kai mutum. Aka ce ba ya kai kowa ko'ina. Ya daɗe yana kallon Auta da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda aka cuta a ciniki.

Auta ba ta kula ba. Ta nuna masa maɓallan, ta nuna masa igiyar tsaro da ake maƙalawa a riga domin injin ya tsaya da kansa idan mutum ya zame. Ta ajiye masa sabon takalmin gudu a cikin kwali. Ta ce lambar da ke kan allon tana ƙirga nisan tafiya, kuma duk Asabar za ta zo ta ɗauki hotonta ta tura wa likita.

Washegari da safe Tsohon Direba ya tsaya gaban injin da kofin shayinsa. Niyyarsa mai kyau ce, wannan iyalai suna iya rantsewa. Sai dai duk tsawon aikinsa bai taɓa tayar da mota ya kama hanya ba tare da ya ɗumama inji ba, kuma ba zai fara wannan sakarcin da furfura ba. Ya jawo kujera, ya maƙala igiyar tsaro a hannunta, ya danna maɓalli, ya zauna yana sauraro. Injin ya ce wuuu. Ya ƙara masa giya. Da shayin ya ƙare, ya ɗago kai ya ga lamba ta hau da kanta.

Haka aka ci gaba da ɗumama marigayin kowace safiya har ƙarshen rayuwarsa.

A nan ne iyalai suke so a shaidi halin Matafiyi. Mai haƙuri ne, bai taɓa tambayar ina fasinja ba. Mai biyayya ne, duk gudun da direbansa ya sa masa daga kujera, shi yake yi. Mai taimako ne, domin Mama, matar Tsohon Direba, ta shanya tawul da ɗankwali a hannuwansa ba adadi, bai taɓa yin tsaki ba. Sama da komai, mai rufin asiri ne. Duk Asabar Auta tana tsayawa gabansa da waya, shi kuma ya nuna mata lambarsa ya yi shiru. Likita yana can yana ta mamakin yadda lamba take hawa, tumbi ma yana hawa, har ya ƙara yawan ƙwayoyi. Mama ta yi magana sau ɗaya, aka ce mata ba ta san inji ba. Ta ce lallai kam, ta ɗauki tawul ɗinta ta wuce.

Jinyar marigayin gajeriya ce. Ya fara da ɗan kuka a ƙasan bel ɗin da ake takawa, ƙiii, ƙiii, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Sai jar fitila ta kama a goshinsa, yana cewa tit-tit-tit duk lokacin da aka tashe shi. Da Auta ta gani, sai murna. Ta ce wannan tunatarwa ce cewa bel yana son mai, kuma ba ta fitowa sai inji ya yi tafiya mai nisan gaske. Ta rungume mahaifinta. Ta ce har a wurin aiki tana ba marasa lafiya labarinsa domin su yi koyi. Sannan ta ce Asabar mai zuwa za ta taho da mai gyara.

Wannan magana ta taɓa Tsohon Direba a wuri biyu. Na farko, ba a haifi wanda zai zuba wa inji mai a gidansa yana raye ba. Na biyu, duk mai gyaran da ya durƙusa zai ga bel ɗin nan fes, ko sawun ɗan yatsa babu. Ya ce a bar masa. Ya nemi 'yar kwalbar man da ta zo tare da injin, Mama ta ce tun bara ta ƙarar da ita a keken ɗinki da ƙyauren banɗaki. Bai damu ba, ya shiga gareji ya fito da galan ɗin baƙin mai.

An ce ɗigo kaɗan ake sawa, kuma a ƙarƙashin bel. Wannan bayanin ya iso gidan ne bayan rasuwa. Tsohon Direba ya nemi murfin da ake zuba mai, gaba da baya, bai samu ba. Sai ya kwarara a sama, ba rowa, ya bi da tsumma yana gogewa kamar yana goge bonet, har bel ya koma yana ɗaukar ido.

Ranar Asabar Auta ta iso, ta yaba da ƙyalli. Ta ji warin gareji, amma tun tana goye haka mahaifinta yake wari, don haka ba ta kawo komai a ranta ba. Ta danne maɓalli biyu tare ta riƙe, marigayin ya ce tiiit, jar fitila ta mutu. Da a nan aka tsaya, da yau ba a rubuta wannan sanarwa ba. Sai ta duba wayarta ta ce saura abu ɗaya, wai bayan an sa mai dole mutum ya hau ya ɗan taka domin man ya bi ko'ina.

"Baba, hau mu gani," in ji ta. "Ka san ban taɓa ganinka a kai ba."

Mama, da take hanyar kicin, ta dawo ta nemi wuri mai kyau ta zauna.

Tsohon Direba ya ɗauko takalmin gudu daga kwali. Ya juya baya ya zaro takardar da ke cushe a bakin kowane ɗaya, ya tura a aljihu. Auta ta gani. Ya hau. Igiyar tsaro tana nan inda ta saba, a hannun kujera. Yatsansa kuma ya tafi inda ya saba, giyar ƙarshe.

Shaidu sun saɓa a kan abin da ya fara tashi, ƙafar dama ce ko ta hagu. Abin da aka yi ittifaƙi a kai shi ne Tsohon Direba ya bar injin ta baya, a zaune, ya isa kabad ɗin kwanuka, kuma murafan tukwane sun daɗe suna amsawa. Shi kuwa marigayin, wanda tunda aka ƙera shi bai taɓa jin nauyin ɗan Adam ba, ya yi wani nishi da ba a taɓa ji daga gare shi ba. Da yake kujera ba ta faɗi ba, bai ga dalilin tsayawa ba. Ya ci gaba da gudu yana fesa wa labule baƙin mai. Ya ce wuuu, ya ce ƙirrr, ya ce tit. Sai hayaƙi siriri ya fito daga ƙirjinsa, allon ya yi duhu da lambarsa duka.

Auta ta durƙusa ta kama wuyan hannun mahaifinta tana sauraron bugun jini, ta duba ƙashi, ta tabbatar babu karaya. Sai bayan nan ta ɗago ta dubi kujerar, da ramin da zama ya yi mata, da da'irar kofin shayi a hannun kujerar, da igiyar da ke lilo. Tsohon Direba ya so ta yi faɗa. Da ta yi faɗa, da ya san abin da zai ce.

"Shekara biyu hankalina a kwance saboda lambar nan, Baba," ta ce a hankali.

Ya ce, "Ɗumama shi nake yi, Auta."

"Ai kuwa ya ɗumama," in ji Mama.

Ba wanda ya yi dariya. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba ko ranar da ya jefa motar maigidansa a kwata. Mai gyara ya zo da yamma, ya buɗe, ya shinshina, ya cire hularsa.

Marigayin ya rasu ya bar takalman gudu, dama da hagu, waɗanda suka yi aikin daƙiƙa kaɗan suka shiga takaba. Ya bar kujera, abokiyar tafiyarsa. Ya bar labule da ba zai ƙara wankuwa ba, da rabin galan na baƙin mai. Ya kuma bar ɗan uwansa sikelin awon nauyi, wanda aka tura ƙarƙashin gado tun bara saboda yawan faɗin gaskiya, kuma yanzu an dawo da shi bakin aiki.

Za a yi rakiyar marigayin ranar Asabar da sassafe. Za a ɗora shi a kan kura, a tura shi zuwa wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke bayan tashar mota, can ƙarshen gari. Makullin motar gidan yana cikin jakar Auta. Tsohon Direba zai bi gawar a ƙafa, zuwa da dawowa, ita kuma tana gefensa da robar ruwa da ƙwayoyinsa. Ana roƙon tsofaffin abokan aikinsa, duk wanda ya gan shi a hanya yana haki, don Allah kada ya tsaya ya ce ya shigo a rage masa hanya.

Za a ci gaba da karɓar ta'aziyya kowace safiya a kan titin unguwa, ana tafe. An tambayi Auta kwana nawa za a yi ana karɓa. Ta ce babu ranar tashi, domin sanarwar rasuwa ɗaya ta amince a rubuta a gidan nan, kuma ga ta an rubuta.

Masu zuwa su sa takalmi mai daɗin tafiya. Ba a tanadi kujera ba.