Kaka Ta Yi Haƙora, Me Za a Dafa?

"Gajiya ta bi lafiya, sai dai ban gane mai yi min sannu da zuwa ba. Yarinya, ina kakata ta shiga? Tsohuwa na bari a kan kujerar nan, na dawo na tarar da amarya."

Falwaya ne a ƙofar kicin, da ledar cefane a kowane hannu. Kakarsa ce ta laƙaba masa sunan tun yana ƙarami, saboda tsawonsa ba kauri, kamar turken wayar lantarki. Da safiyar ranar ya kai ta wurin likitan haƙori, aka sa mata haƙoran roba sama da ƙasa, bayan shekara biyu tana taunawa da dasashi. Ya maido ta gida ya wuce aiki. Yanzu ga ta zaune kusa da murhu, da madubi a cinya, tana murmushi kamar mai tallan man goge baki.

"Amaryar ta fi ƙarfinka," in ji Kaka. "Tun rana mutum uku suka yi min waya suna neman aurena. Kai kuwa na sake ka, tattara kayanka."

"Wa ya taɓa jin mata ta saki miji? Kuma su ukun nan, ta waya suka ga haƙoran?"

"Sun ji ƙararsu."

Ta haɗa su ƙwas ƙwas don ya ji. Dariya ta kusa sa ya zubar da tumatir. Rabon da ya ga ta buɗe baki haka a gaban mutum har ya manta. Da can da gefen mayafi take rufe dariyarta.

Sai idonsa ya faɗa kan kwanon da ke gefen famfo. Naman shanu ne ta ciro daga firji, mai jijiya da guringuntsi, irin wanda ko kare sai ya yi shawara kafin ya kama. Ta riga ta yanka albasa, ta jera kwalaben yaji, ta fito da kaskon suya. Ta sanar da shi cewa yau soyayyen nama za a ci a gidan, a soya shi ya bushe ƙayau, kuma injin markaɗen nan da ya shekara biyu yana mayar mata da kowane abinci kunu, a ba mai kwasar shara.

Falwaya ya buɗe ledarsa ya nuna mata kifi marar ƙaya da dankali. Ya tuna mata abin da likita ya faɗa, shi ma yana tsaye a wurin: mako guda na farko abu mai laushi, a yanka ƙanana, a tauna ta ɓangare biyu.

"Likitan nan da aka haifa jiya? Na girmi uwarsa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Babban da ya hango guringuntsi ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, Amarya."

"Da tsohuwar zuma ake magani."

"Zumar tsohuwa ce, haƙoran kuwa ko wuni ɗaya ba su yi ba. Jarirai ne. Wa ke ba jariri jijiya?"

"Kai ma da jijiya na yaye ka, shi ya sa ka fito kamar igiyar shanya. Ranar da aka haife ka ungozoma ta yi ta jan ka, har aka sauya ma'aikatan asibiti ba ta kai ƙafafunka ba."

"Ke kuwa an ce lokacin da aka haife ki ba a ƙirƙiro cokali ba."

Ta miƙe tsaye, ta ɗaga ludayi, ta buɗe baki za ta mayar masa da wadda ta fi ta zafi. Maganar ta taho da gudu, haƙoran sama suka kasa bin ta, suka zamo suka sauka a kan na ƙasa. Ta tura su da babban yatsa, ta sake farawa, suka sake zamowa. Kaka ba ta saba a ci ta da baki ba. Ta sa hannu ta zare su gaba ɗaya, ta jefa cikin kofin ruwa, ta ce su jira ta tukuna, tana da aiki. Nan ta wanke Falwaya tas: tsawonsa, kunnuwansa, da shinkafar da ya taɓa dafawa har aka rasa mai raba ta da tukunya.

Yana dariya har da riƙe ciki, amma ya ga abin da take ɓoyewa. A dasashinta na ƙasa, ɓangaren dama, wuri ya yi ja. Tun shigowarsa ya lura tana yawan dafa wannan kuncin. Likita ya ce in wurin ya yi rauni, sai ta ajiye haƙoran mako biyu kafin ya warke. Ranar Asabar kuwa Auta, ƙanwarsa, za ta karɓi takardar kammala jami'a, kuma don hoton wannan rana Kaka ta yarda ta hau kujerar likita. Duk hotunan shekara biyun nan bakinta a rufe yake kamar mai fushi da zuri'arta.

Ya miƙa dogon hannunsa ya ɗauki kofin, ya ɗora shi can saman kabad, inda ko ta hau kujera ba za ta kai ba.

"Sauko min da dukiyata, ɓarawo."

"Suna hannun hukuma. Sun shigar da ƙara, sun ce ana shirin kashe su da aiki ranar da suka fara."

"Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle ni da su. Mu za mu sasanta kanmu."

"To, a soya naman. Ni ba ruwana. Ranar Asabar in mai hoto ya ce kowa ya yi murmushi, sai ki ja mayafi ki rufe baki yadda kika saba. Zan gaya wa Auta guringuntsi ya fi ta."

Kaka ta dubi kwanon naman, ta dubi saman kabad, ta kai harshe ta taɓa wurin da ke mata zafi. Ta tambaya ko ya gani ne. Ya ce mai tsawo ba abin da ba ya gani.

"Sannu ba ta hana zuwa," in ji shi.

"Sai dai a daɗe ba a ci nama ba." Ta koma ta zauna. "Dafa kifinka. Amma wallahi in na ji kukan injin nan yau, da kai da shi za ku kwana a waje."

Falwaya ya zare wayar injin markaɗen, ya naɗe ta, ya ɗora injin saman kabad, ya sauko da kofin. Naman ya juye a leda ya mayar firji, bayan ya rubuta a jikin ledar da manyan baƙaƙe: NA AMARYA, BAYAN ASABAR. Ta sa ya karanta mata sau biyu, ta ce ko a kotu wannan shaida ce.

Ya ɗora dankali a wuta. Kafin ruwa ya tafasa, ya ciro tuffa guda daga ƙasan leda, ya fere ta, ya yanko yanki siriri har ana hango wuƙa ta cikinsa. Ya miƙa mata a kan faranti da hannu biyu, ya ce ga sadaki, a mayar da aure.

Kaka ta ɗauraye haƙoran ta mayar. Ta karya yankin biyu, ta sa ɗaya dama ɗaya hagu yadda likita ya ce, ta cije a hankali. Wata 'yar ƙara ta fito, ƙaras. Ta tsaya cak, ido a waje, kamar mai sauraron sallama daga nesa. Ta sake taunawa. Sai dariya ta ƙwace mata, baki buɗe, ba mayafi.

"Ka ji?"

"Har maƙwabta sun ji."

"To na mayar da kai, Falwaya. Sauran ukun su yi haƙuri." Ta tura masa farantin. "Ƙaro sadakin, wannan bai kai ba."