Babban Kati Ba Ya Aiki da Yunwa

Ranar Talata na yi asarar layin mai. Awa huɗu ina matsawa taku-taku, saura mota uku in kai bakin famfo, sai wayata ta yi ƙara. Auta ce, ƙanwata, sakatariya a wani ofis da ba zan faɗi sunansa ba, don ina so ta ci gaba da zuwa.

"Yaya, ka zo yanzu. Sun ce na lalata kwamfutar Yallaɓai."

"Kin lalata?"

"Ko goge ta ba na yi sai da bismillah."

An ba ta takardar tuhuma. Ƙarfe biyu babban baƙo zai zo ƙaddamar da shirin zamanantar da ofis. In kwamfutar ba ta nuna hoto a majigi ba kafin lokacin, a bakin aikinta. 'Ya'yanta uku, mijinta ya shekara yana neman aiki. Na fita daga layi. Wanda ke bayana har addu'a ya yi mini.

Bari in yaba wa manyanmu, don a san ni ba butulu ba ne. Ofishin da aikinsa buga wasiƙa da danna hatimi, an sayo masa kwamfutocin cinya guda ashirin, irin waɗanda ake ƙerawa don masu wasan tseren mota da harbe-harbe a allo. Madannansu suna walƙiya ja da kore, fankokinsu suna gurnani. Da su ake rubuta, "An karɓi takardarka, ka dawo mako mai zuwa." Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Na tarar da zauren taro an jera kujeru, janareto yana ta ruri albarkacin baƙo, bango kuma wayam. Har an kafa kwamitin mutum bakwai. Sun canza wayar majigi sau uku. Ɗaya ya hura kafar wayar da baki. Wani ya ɗaga kwamfutar saitin na'urar sanyaya ɗaki, wai ko zafi take ji. Yallaɓai, Mai Girma Sarkin Sa-Hannu, yana tsaye ya goya hannuwa.

"Kai ne wanda ya yi karatu a waje?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To, mu ga amfanin jirgin da ka hau."

Ga yadda abin yake. Irin wannan kwamfuta kati biyu gare ta masu zana hoton da kake gani a allo. Ƙaramin ba ya cin wuta sosai, shi ke aikin yau da gobe. Babban ƙarfi gare shi, amma barci yake yi, ba ya motsi sai an ba shi wuta ya ƙoshi. Kafar da ake soka wayar majigi kuwa tasa ce, komai sai ya bi ta hannunsa. Na buɗe jerin kayan ciki. Ƙaramin yana nan yana haki, babban ko sunansa bai fito ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ban ce ya yi kama da kowa ba. Ku ma kada ku ce.

Na kashe na kunna. Na duba manhajar da ke tuƙa katin, lafiya lau. Na ba shi umarnin tashi, kwamfutar ta ce wuta ba ta isa ba. Sai na bi waya zuwa bango, na ga wata 'yar caja kamar akwatin ashana.

"Ina cajarta?"

"Ga ta a gabanka," in ji shugaban kwamiti.

"Wannan ta wayar hannu ce da ta yi ƙiba. Ta ainihi ta kai rabin bulo."

Auta ta ja hannun rigata zuwa baranda.

"Yaya, a hankali. Cajojin ainihin suna sito, duka ashirin. Ran da aka kawo kayan Yallaɓai ya ɗaga ɗaya ya ji nauyi, ya ce wannan ai sai ta shanye wutar ofis. Ya fitar da doka a kulle su, don yaƙi da almubazzaranci."

Na koma na rusuna, na ce ranka ya daɗe, sa hannu ɗaya ake bukata a fito da caja ɗaya. Ya dube ni kamar na nemi ya cire hula a kasuwa.

"Kana nufin dokata ce ta lalata kwamfuta?"

"Ina nufin katin yunwa yake ji."

"Doka ba ta kuskure. Ka nemi laifin a wani wuri." Ya dubi Auta, ya dubi agogo. Ɗaya da kwata.

Na fahimta. In ya sa hannu, ya amsa laifi. In bai sa ba, akwai wadda za ta amsa masa. A can inda na yi karatu an koya mini abin da ke hana kati tashi, ba a koya mini wannan ba.

Muka gangara sito. Baba Sito, mai riƙe da makulli, shekara talatin yana gadin ɗakin nan. Ga cajojin a kan kantar ajiya, jere cikin ledarsu, kamar gawawwakin da ba a zo ɗauka ba.

"Baba, don Allah aron minti talatin," in ji Auta.

"'Yata, kaya mai lafiya ba ya fita sai da hannun Yallaɓai. In na ba ki, gobe tare za mu zauna a gida." Ya sosa gemu, ya juyo gare ni. "Injiniya, wannan cajar lafiyarta ƙalau?"

"Sabuwa ce fil. Ko buɗe ta ba a yi ba."

"Ka ƙara dubawa. Kaya mai lafiya sai hannun Yallaɓai. Matacce kuwa, hannuna ya isa in fitar da shi gyara."

Na ɗauki cajar, na juya ta, na kara a kunne.

"Baba, ta mutu."

"Allah ya jiƙanta," ya ce, ya miƙo mini biro.

Na rubuta da hannuna cewa caja ta lalace, tana bukatar gwaji a zauren taro. Shekara shida na yi ina karatu don in iya rubuta wannan ƙaryar da kalmomin da suka dace.

Biyu saura minti goma na soka ta a bango. Fanka ta yi gurnani, babban kati ya yi miƙa ya bayyana a jeri, bango ya haske. Shafin farko hoton Yallaɓai ne. Na biyu ma shi ne, daga gefe. Kwamiti ya tafa wa kansa. Baƙon bai iso ba sai ƙarfe biyar, ya kalli shafi uku, ya ce lallai ƙasa ta kama hanya.

Yallaɓai ya karɓi takardar tuhumar ya yaga a gaban kowa. Ya ce bincike ya tabbatar da abin da ya daɗe yana zargi: an kawo musu caja marar kyau, doka kuwa ita ta tsare ofis daga haɗari. Ya yafe wa Auta laifin da ba ta yi ba. Ta durƙusa ta yi godiya. Ni ma na yi. Aikinta ya tsira, kuma abin da na zo yi ke nan.

Jiya ta kira ni. Kwamiti ya miƙa rahoto. Tunda ƙwararre daga waje ya shaida a rubuce cewa caja ɗaya ta mutu tun a leda, ba za a amince da sauran ba, haka ma kwamfutocin da suka zo tare da su. An amince a sayo sababbi ashirin, waɗanda suka fi waɗannan ƙarfi.

Na tambaye ta ina za a ajiye cajojinsu. Ta ce Baba Sito ya riga ya share musu kanta.