Yadda Na Kankare Jirgin Hamza

Ni ɗan unguwar Ƙuba ne, nesa da teku, ruwan da na sani bai wuce na tanki ba. Amma da taubashina Hamza ya ce gansakuka da ƙananan dodon koɗi sun manne a gindin jirgin ruwansa a tekun Yanbu, sai na bugi ƙirji: "Khalas, bar min. Shekara nawa ina wankin mota?"

Na yini ina kankara. Da na ga wani abu ja-ja kamar tsatsa a ƙarƙashi, shi ma na bi shi, har gindin ya yi fari fat.

Hamza ya zo ya duba, ya ce: "Ya shekh, jan fentin nan shi ke hana su mannewa."

Har yau in na yi sallama gidansa, sai ya ƙwala wa matarsa kira: "Hajiya, ɓoye lallenki, ga shi nan!"